Amsoshin Tambayoyinku: Michael O'Leary da Jamusawa Goma

A fitowar da ta gabata, wajen amsa wata tambaya a kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, na ambaci wani soja ɗan ƙasar Ailan mai suna Michael O'Leary a layi ɗaya na wuce, na ce Ingila ta yi tallar yaƙi da fuskarsa. Ashe layin nan ya tsaya wa mutane a rai. Ga wasiƙu uku daga cikin waɗanda suka zo a kansa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai nazarin tarihi. Bayan na karanta amsarka na nemo hoton takardar tallar da ka yi magana a kai, sai na ga an rubuta cewa ɗan Ailan guda ya gama da Jamusawa goma. Anya kuwa, Malam? Ni dai ya yi mini kama da farfaganda. Kuma me ya kai ɗan Ailan yi wa Ingila yaƙi alhali ita ce ke danne da ƙasarsa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Takardar kam farfaganda ce tsagwaronta, a nan ka yi gaskiya. Amma abin da aka gina ta a kai ya faru, da rana tsaka, a gaban idon sojoji da yawa.

Ran 1 ga Fabrairu 1915 ne, a Cuinchy, wani ƙauye na arewacin Faransa kusa da garin La Bassée. Wurin yana da layin dogo da aka ɗora a kan doguwar ganuwar ƙasa, a gefensa kuma ga kogin haƙa da jiragen ruwa ke bi. Cikin dare Jamusawa suka ƙwace wani yanki na wurin daga hannun rundunar Coldstream Guards. Wajen ƙarfe huɗu na asuba aka tura wani kamfani na Irish Guards, rundunar 'yan Ailan, su taimaka a ƙwato shi, bindiga mai jigida ta yi musu kaca-kaca, hafsoshinsu wanda bai mutu ba ya ji rauni. Sai aka turo wani ƙaramin laftanar mai suna Innes ya karɓi ragamar waɗanda suka rage. Odalensa shi ne O'Leary, las kofur, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ko wata guda bai cika da samun igiyar ba.

Da hantsi, ƙarfe goma da kwata, bayan igwa ta yi wa wurin luguden wuta, aka sake tashi. O'Leary bai tsaya jiran kowa ba. Ya sheƙa a guje ya wuce 'yan'uwansa, ya haye ganuwar layin dogon, ya ɓullo wa shingen farko ta gefe, daga sama. Mutum biyar ne a wurin, ya harbe su duka. Shinge na biyu yana gaba da kamar yadi sittin, ana ƙoƙarin saita wata mai jigidar a can. Ya isa kafin su juyo da bakinta, ya kashe uku, biyu suka ɗaga hannu ya koro su. Takwas da biyu, ga goman da ka gani a takarda. Haka sanarwar gwamnati ta ƙidaya su, har ta ƙara da cewa kusan shi kaɗai ya kama wurin, ya hana a buɗe wa sauran wuta.

In ka dubi yadda abin ya kasance, ba sai ka nemo aljanu ba. Mutanen da ke bayan shinge yanzu aka gama yi musu ruwan bama-bamai, kunnuwansu a toshe, idanunsu na gaba inda suke tsammanin hari. Mai jigida ta zamanin nan nauyi gare ta, a kan ƙafafu take zaune, juya ta zuwa gefe aiki ne. Bindigar da sojan Birtaniya ke riƙewa a lokacin, Lee-Enfield, tana cin harsashi goma, kuma sojan da aka horar kafin yaƙi ana bukatar ya iya harbi goma sha biyar a minti ɗaya yana samun abin da ya auna. O'Leary ba kurtu ba ne. Yana da shekara goma sha shida ya gudu daga noma ya shiga sojan ruwa, sanyin ƙashi a gwiwa ya fitar da shi, ya koma gona bai iya zama ba, ya shiga Irish Guards ya yi shekara uku. A 1913 ya tafi Kanada ya zama ɗan sandan doki a lardin Saskatchewan, inda har aka ba shi zoben zinariya don ya kama wasu masu laifi biyu bayan doguwar musayar wuta. Mutumin da ya saba da harbi ke nan, ya sami tudu, ya sami gefe, ya kuma sami 'yan daƙiƙoƙin da abokan gaba ba su farga ba. Abin da ba kowa ke da shi ba ita ce zuciyar da za ta sa ka bar ayari ka yi gaba kai kaɗai. An ma ruwaito cewa lokacin da ya tasa ƙeyar mutum biyun nan babu sauran harsashi a bindigarsa.

Su kuma takwas ɗin nan 'ya'yan wasu ne, babu takardar da ta ɗauki hotonsu. Na faɗi wannan ne don duk wanda ya ba da labarin, har da ni, yakan ƙidaya su kamar ƙwallaye a raga.

Kwana uku bayan nan aka yi masa saje. Cikin watan aka ba da sanarwar ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya, shi ne na farko a rundunar Irish Guards da ya same ta. Sarki George na Biyar ya maƙala masa ita a fadar Buckingham a watan Yuni, a Yuli kuma dubban mutane suka cika filin Hyde Park na Landan don su gan shi. Daga nan aikinsa ya sauya. Aka cire shi daga fagen fama aka shiga yawo da shi gari-gari a Ailan, yana tsayawa a kan dandamali ana nuna shi, ana ce wa samari su yi koyi.

Wannan ya kawo mu rabin tambayarka na biyu. Tun 1801 aka haɗe Ailan da Birtaniya ƙarƙashin majalisa ɗaya a Landan, kuma tun kafin nan talakan Ailan ke cika barikin Ingila. A wajajen 1830 fiye da kashi 40 cikin ɗari na sojojin ƙasa na Birtaniya haifaffun Ailan ne. Dalili na farko ciki ne. Ƙasa ce da a wancan zamanin akasarin manoma ke zaman haya a gonakin da ba nasu ba, ƙasar da yunwar da ta fara a 1845 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan ɗin zuwa ƙetare. Soja yana samun sule ɗaya a rana, da abinci, da takalmi, in yana da mata a ba ta nata alawus lokacin yaƙi. Ga ɗan ƙaramin manomi a Inchigeela, ƙauyen su O'Leary kusa da Macroom a gundumar Cork, wannan ba abin rainawa ba ne.

Dalili na biyu siyasa. A Satumban 1914 aka sa hannu a dokar da za ta ba Ailan majalisarta ta cikin gida, amma aka jingine aiki da ita sai an gama yaƙi. John Redmond, jagoran masu neman wannan 'yancin ta hanyar majalisa, ya ce wa mabiyansa su shiga soja, a ganinsa jinin da za su zubar shi zai tilasta wa Ingila cika alkawari. Ƙaninsa Willie ma a yaƙin ya mutu a 1917. 'Yan Furotesta na arewa su ma suka shiga, amma don akasin haka, don a ga amincinsu kada a raba su da Landan. Jimla 'yan Ailan wajen 200,000 suka yi yaƙin, kuma ba a taɓa kama kowa dole a tsibirin ba, ko da yake an yi yunƙurin haka a 1918 mutane suka ƙi. To ka ga inda gwamnati ba ta iya tilastawa sai ta lallasa, shi ya sa ɗan Katolika, ɗan manomi daga Cork, mai lambar sarki a ƙirji, ya fi mata bataliya guda amfani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba zan bar ka ba sai na ba ka labarin mahaifinsa, Daniel, tsoho mai ƙarfin tsiya kuma ɗan kishin ƙasa. An ruwaito cewa da 'yan jarida suka je jin ta bakinsa, sai ya nuna shi abin bai burge shi ba. Wai shi da sanda kawai yakan kwantar da mutum ashirin a hanyar dawowa daga kasuwar Macroom, ina dalilin yaro da bindiga da banati zai tsaya a takwas? Ana kuma ba da labarin ranar da aka hau da shi dandamali ya kira samari su shiga soja, ya ce musu in ba su shiga ba Jamusawa za su zo su yi musu abin da Ingilishi suka shekara ɗari bakwai suna yi musu. Ko an ƙara wa labarin gishiri, ya nuna maka irin zuciya biyun da mutanen nan ke ciki a 1915.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon soja ne, na yi ritaya da daɗewa. Mu da muka sa kaki mun san ranar fareti daban, ranar karɓar fansho daban. Shi wannan bawan Allah, bayan an gama tafi, me ya samu? Ya mutu da rufin asiri?

AMSA: Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tambayarka ta fi ta kowa nauyi, don abin da ya yi a Cuinchy bai ci rabin sa'a ba, amma ya rayu shekara arba'in da shida bayansa.

Ta fuskar kuɗi, a lokacin lambar tana zuwa da fam 10 a shekara ga wanda ba hafsa ba. Haka aka tsara tun zamanin Sarauniya Victoria. Sai a 1959 aka mai da shi fam 100 ga kowa, saura shekara biyu O'Leary ya bar duniya. Ta fuskar girma kuwa ya samu. An ba shi anini ya zama laftanar a rundunar Connaught Rangers, Rasha ma ta aiko masa da tata lambar. A 1916 aka tura shi fagen Salonika a ƙasar Girka, can sauro ya sa masa zazzaɓin da ya bi shi har tsufa. An sallame shi daga soja a 1920.

Matsalar ita ce ƙasar da ya baro ba ita ya tarar ba. A Afrilun 1916 masu neman ɓalle Ailan daga Birtaniya suka yi tawayen Ista a Dublin. Sojojin Birtaniya suka murƙushe shi cikin mako guda, suka harbe shugabanni 15 a watan Mayu, kuma harbin nan shi ya juya zukatan jama'a. A zaɓen Disamban 1918 jam'iyyar Sinn Féin, mai neman ɓallewa gaba ɗaya, ta kwashe kujeru 73 cikin 105 na Ailan, jam'iyyar Redmond ta tashi da shida. Kakin da aka yi wa guɗa a 1915 ya koma abin da ake kallo a kaikaice. Kuma ba wani yanki da wutar yaƙin neman 'yanci ta fi ci kamar Cork. A Kilmichael, ba nisa da ƙauyen su O'Leary, aka yi wa 'yan sandan ko-ta-kwana na Birtaniya da suka fito daga Macroom kwanton ɓauna ran 28 ga Nuwamba 1920, aka kashe 17. Wanda ya jagoranci harin, Tom Barry, shi ma tsohon sojan Birtaniya ne, a Iraƙi ya yi nasa yaƙin. Kaki ɗaya suka sa, hanya ta rabu.

Ita kanta rundunarsa ba ta tsira ba. A 1920 wasu sojojin Connaught Rangers da ke Indiya suka ajiye makamai don jin abin da ake yi wa danginsu a gida, aka harbe ɗaya daga cikinsu, James Daly, a Nuwamban shekarar. A 1922, da kudancin Ailan ya sami gwamnatinsa, aka rushe rundunar gaba ɗaya.

O'Leary dai a 1921 ya sake komawa Kanada. A nan ne labarin ya yi duhu. Ya yi aikin ɗan sanda a lardin Ontario a lokacin da aka haramta sayar da giya, daga baya ya koma tsaron wani kamfanin jirgin ƙasa a bakin iyakar Amurka, wurin da fasa-ƙwauri ya zama sana'ar gari. A 1925 aka kama shi bisa zargin tsallakar da baƙin haure zuwa birnin Buffalo, aka sake kama shi a kan wani zargin da ya shafi aikinsa. Kotu ta wanke shi, amma ya ɗanɗana zaman kurkuku, aikin kuma ya tafi. Sai da hukuma ta ranta masa kuɗin jirgin da zai mai da iyalinsa Ailan. Ni ban ga dalilin ɓoye wannan ba, kamar yadda wasu masu yabonsa ke yi. Mutumin da bai iya zama a gona ba, wanda ya bar ayari ya yi gaba shi kaɗai, halinsa guda ne a ko'ina. A Cuinchy halin ya yi rana, a ofis da bakin iyaka ya jawo masa wahala.

Da jiki ya ƙi, ƙungiyar tsofaffin sojoji ta British Legion ce ta dawo da shi Ingila, ta sa shi a masana'antarta inda nakasassun yaƙi ke haɗa jan furen da ake maƙalawa a riga ranar tunawa da mazan jiya. Zuwa 1932 ya murmure, ya sami aikin tsaron ƙofa a otal ɗin Mayfair na Landan. Ka san irin aikin, Baba: doguwar riga mai maɓallan tagulla, buɗe wa manya ƙofar mota, sara musu. Manyan otal-otal na lokacin suna son tsohon soja a ƙofa, balle mai irin wannan lamba. Wasu za su ce ƙasƙanci ne. Ni a ganina mai 'ya'ya bakwai a shekarun da duniya ke fama da karayar arziki, in ya sami albashin da ba ya yankewa, ya gode wa Allah.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi aka sake kiransa, yana dab da hamsin. Ya tafi Faransa da muƙamin kyaftin a rundunar Middlesex, zazzaɓin Salonika ya taso aka dawo da shi kafin Jamusawa su mamaye ƙasar a 1940. Sai aka ba shi riƙon sansanin fursunonin yaƙi a kudancin Ingila. Ya fita a 1945 yana manjo, ya kama kwangilar gine-gine har ya huta a 1954. 'Ya'yansa biyu sun sami lambar yabo ta mayaƙan sama a wannan yaƙin.

Ya rasu a Landan ran 2 ga Agusta 1961, aka binne shi a maƙabartar Mill Hill, sojojin Irish Guards suka raka gawarsa, kuma lambar tana hannun rundunar har yau. Saboda haka amsarka ita ce e, ya mutu da rufin asiri, amma a ƙasar da ta ba shi lambar, ba wadda ta haife shi ba. Ita Ailan ta daɗe ba ta son a ta da zancen 'ya'yanta da suka yi wa sarkin Ingila yaƙi. Sai ran 11 ga Nuwamba 1998 shugabar ƙasar, Mary McAleese, ta tsaya tare da Sarauniya Elizabeth ta Biyu da sarkin Beljiyam a Messines ta ƙasar Beljiyam, suka buɗe hasumiyar tunawa da dukkan 'yan tsibirin da suka mutu a yaƙin, na kudu da na arewa.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce. Ita wannan lamba ta zinariya ce? Shi ne ɗan Ailan na farko da ya same ta? Kuma Turawa kaɗai ake ba?

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Ba zinariya ba ce, tagulla ce, ƙarfen da aka yi ta da shi bai taka kara ya karya ba. Darajarta a wuyar samu take. Sarauniya Victoria ta kafa ta a Janairun 1856, a ƙarshen yaƙin Kirimiya, ta ce a ba kowa, hafsa ko farabiti, muddin ya nuna jarumta a gaban abokan gaba. Daga lokacin zuwa yau ba a ba da 1,400 ba, kuma 628 daga ciki a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ba da su, da yawa bayan masu su sun mutu.

O'Leary ya zo a makare ƙwarai. Aikin farko da aka ba wa lambar ma, wanda ya faru tun kafin a kafa ta, na ɗan Ailan ne, Charles Lucas na gundumar Armagh, matashin sojan ruwa. A Yunin 1854, a tekun Baltik, bam ya faɗo cikin jirginsu yana hayaƙi, kowa ya kwanta, shi ya sunkuce shi ya jefa a ruwa.

A sojan ƙasa kuwa na farko shi ne Luke O'Connor na gundumar Roscommon, kuma da za a bar ni in zaɓa, labarinsa ya fi na O'Leary ban tausayi. Yana yaro aka kore su daga gona don sun kasa biyan haya. Suka nufi Amurka ta Arewa, uban ya mutu a teku, uwar ta mutu da isarsu, aka dawo da yaron gida maraya. Ya shiga soja a 1849. A yaƙin kogin Alma a Kirimiya, ran 20 ga Satumba 1854, yana saje, aka harbe hafsan da ke riƙe da tutar rundunarsu, shi ma harsashi ya same shi a ƙirji. Ya miƙe ya ɗauki tutar, ya ƙi sakinta har aka tashi daga yaƙin. Ya yi Indiya, ya yi yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, ya hau tun daga farabiti har manjo janar. Ya rasu a Landan ran 1 ga Fabrairu 1915, wato ranar da O'Leary ke hawa ganuwar layin dogo a Cuinchy.

Game da tambayarki ta ƙarshe, a'a, ba Turawa kaɗai ba, ko da yake sojojin Indiya sai a 1911 aka buɗe musu ƙofa. Musulmi na farko da ya same ta shi ne Khudadad Khan, mutumin Punjab, daga yankin da yanzu ke cikin Pakistan. Ran 31 ga Oktoba 1914, a Hollebeke ta ƙasar Beljiyam, yana kan bindiga mai jigida aka kashe duk abokan aikinsa, shi ma ya ji rauni, bai daina harbi ba har Jamusawa suka cim musu. Suka ɗauka gawa ce suka wuce shi. Da dare ya yi ya ja ciki ya koma wurin rundunarsa, ya kuma rayu har 1971.